Gemun da Ya Jira Jihar Vermont

A garinmu Orwick, can cikin tuddan jihar Vermont, mutum ba ya zaɓar jam'iyya, gadonta yake yi tare da gona da shanu da ciwon gwiwa. Manyan jam'iyyu biyu ne a ƙasar, mai alamar giwa da mai alamar jaki, amma mu ɗaya muka sani. Kakanni giwa, iyaye giwa, kuma shekara ɗari da 'yan kai jihar nan ba ta taɓa zaɓar ɗan jaki ya zama shugaban ƙasa ba. Duk bayan shekara huɗu akan liƙa sakamakon garinmu a ƙofar zauren gari, kuma ko ba ka je ka duba ba ka san abin da ke jiki: giwa sittin ko sittin da wani abu, jaki ɗaya. Ɗayar nan ba sai an tambaya ba. Ta Emmet Rourke ce, mai gemu.

Gemun nan yana da tarihi. A kakar shekarar 1936 Emmet ya shigo garin, saurayi ɗan shekara ashirin da biyar, bayan ya yi mako huɗu yana yawon neman aiki ba wanka mai kyau balle aski. Ya samu aikin tatsar shanu a gonar wani tsoho. Ranar Laraba, washegarin zaɓe, ya shiga shagon Merton Pike, wanzamin gari, don a rage masa dajin da ya tsiro masa a fuska. Shago cike da maza, kowa ya haɗe rai, don labari ya iso cewa ƙasa gaba ɗaya ta bi jaki, jihohi biyu kacal suka rage wa giwa.

Merton ya shafa masa kumfa, yana wasa aska a jikin fata, ya ce wa jama'a, "Jiha arba'in da shida sun zautu rana ɗaya. Mu da jihar Maine kaɗai muka rage da hankalinmu."

"Ko kuma ku biyun ne barci ya kwashe," in ji Emmet daga ƙarƙashin kumfa.

Merton ya sunkuyo ya dube shi. "Baƙo, ɗan jaki ne kai?"

"Ni da ubana da kakana. Kuma wata rana jihar nan taku sai ta zaɓi jaki."

"Ranar da ya yi ƙaho ba," in ji Merton. Aka fashe da dariya.

Sai Emmet ya miƙe tsaye, ya fizge ƙyallen da ke wuyansa, ya goge kumfar. Ya ɗaga hannu ya rantse aska ba za ta sake taɓa fuskarsa ba sai ranar da Vermont ta zaɓi jaki. Merton ma ba a bar shi a baya ba. Ya ce in ranar ta zo, shi da hannunsa zai aske shi a tsakiyar filin gari, sannan ya ɗora shi a baro ya zagaya filin da shi sau uku. Irin wannan rantsuwar zaɓe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. An taɓa yin wanda ya tura ƙwayar gyaɗa da hanci daga ƙofar coci har gidan waya, kuma jikokinsa suna alfahari da shi.

Mutanen gari sun ɗauka zafin siyasa ne. Ina! Bari in faɗa muku abin da Emmet bai taɓa faɗa wa kowa ba. Bawan Allah ba shi da haɓa. Daga leɓensa na ƙasa fuskar ta zarce zuwa wuya kai tsaye, ba ta tsaya a ko'ina ba. A garin da aka haife shi Kunkuru ake kiransa, tun daga 'yan ajinsu har 'yan matan da ya yi ƙoƙarin yi wa magana. To ranar nan da ya zauna a kujerar Merton ya dubi madubi, karon farko a rayuwarsa ya ga namiji mai kwarjini yana kallonsa. A zamanin kuwa ba mai barin gemu sai tsoho ko mahaukaci. Yana cikin baƙin cikin rabuwa da shi ne Merton ya buɗe baki, shi kuwa ya ga dama ta samu ya cafke. A lissafinsa, rantsuwar da aka ɗaura a wuyan Vermont ta zaɓi jaki, ai har kabari ce.

Shekaru suka yi ta tafiya, gemu yana ta sauka. Ya wuce ƙirji, ya kai ciki, ya taɓa ɗamara. In zai yi tatsa sai ya naɗe shi ya cusa cikin riga, tun ranar da wani ɗan maraƙi ya kama shi ya tsotse kusan rabi. A shekara ta biyar ya auri Velma, 'yar dattijon coci, gidan da ko karensu aka ce giwa yake yi. Uban ya yi wata uku ba ya magana da ita. Ita dai ta ce ta ga mutum mai magana ɗaya, kuma irinsu ba su da yawa. Ta aure shi, ta ci gaba da jefa wa giwarta, shi yana jefa wa jakinsa, ranar zaɓe su tafi zauren gari a mota ɗaya kowa ya kashe ƙuri'ar ɗan'uwansa su dawo su ci abinci.

Velma tana cikin mata huɗu masu ƙirga ƙuri'a, kuma duk zaɓe takan dawo gida tana mita a kan abu ɗaya. "Baban Nora, don Allah ka riƙa tausaya wa takardar nan. Kai bahago, ga danna fensir kamar mai huɗa, ga wata ƙugiya da kake ja a ƙarshen gicciyen. Ko a duhu na taɓa na san taka ce."

"Ai so nake a san ina nan," yakan ce, yana shafa gemu.

Suka haifi 'ya'ya uku, Nora da ƙannenta maza biyu. Kyan ɗa ya gaji ubansa, aka ce, amma wannan gadon ya tayar wa Emmet da hankali, don dukansu ukun ba wanda ya zo da haɓa. Da aka haifi Nora ya leƙa zanin ya ga abin da ya gani, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Ikon Allah. Wannan daga wajen danginku ne, ko?" Velma ta dube shi ta dubi jaririya ta gyara mata zani. Haka ya faɗa a na biyu, haka a na uku. Har ya zama duk wanda ya yi maganar kamannin yaran, Emmet zai riga shi da cewa ai wata gwaggon Velma ce can a gefen tafki mai irin wannan fuskar.

Da Merton kuwa, gaba ta rikiɗe ta zama wani abu da ba shi da suna. Emmet bai sake zama a kujerar aski ba, Velma ke rage masa sumar kai a gida, amma kowace Asabar yana shagon, a bencin kusa da murhu, suna cacar baki.

"Na Jaki, ka zo? A matsa wa tsintsiya wuri."

"Na zo in ga ko ka yanke kunnen wani yau."

"Naka nake jira. Na ware maka aska ta musamman, tana nan cikin akwati."

"Ka bar wa jikanka wasiyya, shi ma ya bar wa nasa."

Emmet ya ji daɗin shekarun nan, wallahi ya ji. Shi kaɗai ne a gari mai jam'iyyarsa, shi kaɗai mai gemu, kuma mutane suna girmama shi yadda ake girmama mai taurin kai da ya daɗe a kan abu ɗaya. Baƙi in sun ratsa ta garin akan nuna musu coci da tsohuwar gada da Emmet.

Sai shekarar 1964 ta zo da wata iska daban. Ɗan takarar giwa na wannan karon daga can yamma mai nisa ya fito, kuma maganganunsa ba su kwanta wa tsofaffinmu ba. Aka fara raɗe-raɗin zai taɓa fanshon tsufa. A gidan karɓar madara sai ka ga mutum biyu suna ƙus-ƙus, in ka matso su koma maganar ciyawa. Jaridar babban birnin jiha ta rubuta cewa ba mamaki a ga abin da ba a taɓa gani ba. Merton ya fito da askar nan daga akwati, ya ajiye ta a tagar shago kan jan ƙyalle, kowace safiya ya wasa ta a gaban masu wucewa yana cewa, "Ba don ina tsoro ba. Giwa ba ta faɗuwa a Vermont. Don dai kada ta yi tsatsa."

Hankalin Emmet ya tashi. Abincin kirki ya gagare shi. Yakan tsaya a rumfar shanu ya tura yatsu cikin gemun yana lalube, ko Allah ya sa a shekara ashirin da takwas wani abu ya tsiro a ciki. Ba abin da ya tsiro. Ba dariyar gari ce ta fi damunsa ba, ko da yake ita ma ba ƙarama ba ce. Velma ce. Matar nan ta bijire wa ubanta ta auri mutum mai kwarjini, ta zauna da shi shekara ashirin da uku, kuma rana ɗaya a gaban jama'a za a yaye mata labule ta ga Kunkuru. Ga ƙaryar gwaggo ta gefen tafki. Tsoro yake ji ƙwarai, irin na yaron da ya fasa tulu yana jin takun uwarsa.

Wata yamma ya shigo ya tarar da ita tana saƙa wani abu mai kauri da jan zaren ulu.

"Na wane ne wannan?"

"Mayafin wuya ne. Na wani ne da wuyansa bai gaisa da sanyi ba shekara ashirin da takwas."

"Haba Velma! Ke ma kin yarda da shirmen jarida? Jihar ubanki ce fa. Giwa za ta ci."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Yau kuma kai ke yi wa giwa fata? Lallai duniya ta zo ƙarshe. Ni dai ba zan ƙi in ga wanda na aura ba kafin in mutu."

Maganar nan ta tsaya masa a rai har ranar zaɓe.

Ranar Talata, uku ga Nuwamba, suka tafi zauren gari a mota ɗaya kamar kullum. Matan coci suna sayar da naman kaza da gahawa a bakin ƙofa. Duk wanda ya ga Emmet sai ya yi masa wani irin kallo, ba a ido ba, a gemu, kamar mahauci yana kallon bijimi. Ya karɓi takardarsa, ya shiga bayan labule, ya ɗauki fensirin da aka ɗaure da zare. Ya daɗe a ciki har mai tsaron akwati ya yi tari. Ya tuna ubansa, ya tuna kakansa da ya ce ko gawarsa aka kai rumfar zaɓe jaki za ta yi. Ya ce a ransa jarida ta ce abin zai yi kusa, kuma in ya yi kusa, wa ya sani ko ƙuri'a ɗaya ce za ta raba? A cikin giwaye sittin wa zai lura an samu ƙarin ɗaya? In aka ga jaki ba ko ɗaya, sai ya ce takardarsa ce ta lalace. Ya runtse ido, ya danna fensir a gaban giwa, ya ja gicciyensa har da ƙugiya. Ya fito yana gumi a cikin sanyin nan, ya jefa a akwati.

"Jaki ya samu tasa!" in ji Merton daga layi. Aka yi dariya. Emmet ya yi yaƙe ya wuce.

Kafin ƙarfe biyar duk mai ƙuri'a a Orwick ya jefa, mutum sittin da ɗaya. Emmet ya koma gida tatsar yamma, Velma ta zauna ƙirga. Da ta dawo ya tambaye ta yadda aka ƙare, sai ta cire takalmi ta ce, "Ka gani a ƙofa gobe kamar kowa." Ta ɗauki saƙarta ta ci gaba.

Da safe yana ƙarƙashin saniya rediyon rumfa ya faɗi labari. Vermont ta zaɓi jaki. Ba ma kusa aka yi ba, kusan biyu cikin uku. Emmet ya zauna a kan ɗan kujerar tatsa, bokiti tsakanin ƙafafunsa, saniya ta juyo tana kallonsa. Ya sayar da ubansa da kakansa a banza, ko sisin kwabo bai samu ba.

Ya ɗora garwayen madara a mota ya nufi gari. Tun daga nesa ya hango cincirindo a ƙofar zaure, amma ba hayaniya, kowa ya yi cirko-cirko. Da suka gan shi suka dare. Ya matsa ya karanta takardar, ya goge ido ya sake karantawa. Jaki sittin. Giwa ɗaya.

Tafɗi! Ashe kowane ɗaya daga cikinsu ya shiga bayan labulen nan da irin lissafin Emmet, a juye. Kowa ya ce a cikin giwaye sittin wa zai lura an rasa ɗaya. Wani don fansho, wani don matarsa ta matsa masa, da yawa kuwa, ni na sani, don kawai su ga abin da ke ƙarƙashin gemun nan kafin su mutu. Yanzu ga shi an liƙa asirin gari gaba ɗaya a ƙofa da ƙusa huɗu.

Mai gidan waya ne ya fara farfaɗowa. Ya gyara hula ya ce, "To, ni dai alhamdu lillahi. Ko ba komai an ga tawa."

"Taka?" in ji mai shagon kayan gona. "Ai wannan ɗayar tawa ce. Ni da na yi shekara arba'in..."

"Ku ji min maƙaryata!" in ji wata tsohuwa mai sanda. "Tawa ce! Mijina yana kabari, da wane ido zan dube shi?"

Kafin azahar mutum talatin da bakwai sun rantse ƙuri'ar nan tasu ce. Wasu 'yan'uwa biyu suka kusa dambe a kanta a gaban gidan madara. Limamin coci da aka tambaya ya ce ƙuri'a sirri ce, amma ya faɗe ta da wata irin murya da ke nuna a gane tasa ce. Merton ya fi kowa ɗaga murya. Ya tsaya a ƙofar shago, almakashi a hannu, yana cewa garin nan duk munafukai ne, namiji ɗaya ya rage, kuma ga shi tsaye.

Mutum ɗaya ne tak ba wanda ya zarga. Shi aka yi ta bubbuga wa kafaɗa, ana cewa, "Emmet, ka yi haƙuri ka ci riba. Kai ne mai gaskiya tun farko." Aka kawo masa gahawa kyauta. Wani ɗan jarida ya bugo waya daga birni yana neman jarumin da ya tsaya shi kaɗai shekara ashirin da takwas. Emmet yana jin mutum talatin da bakwai suna rigima a kan abin kunyarsa, kowa yana so ya zama nasa, shi kuwa mai abin ba halin ya buɗe baki. Sau biyu ya ji kamar ya daka tsawa ya ce tasa ce, don haushin ƙaryar Merton kawai. Ya haɗiye.

Aka sa ranar Asabar da hantsi. Emmet ya gwada dabaru. Ya ce mura ta kama shi, Velma ta dafa masa citta ta ce zai warke kafin Asabar. Ya je wa Merton da cewa ya yafe masa tura baro, tunda bayansa ba lafiya, a bar maganar gaba ɗaya.

"Ka yafe wa wa?" in ji Merton. "Na yi rantsuwa a gaban mutum goma sha ɗaya, bakwai sun mutu, huɗu suna nan. Baki shi ke yanka wuya, Na Jaki. Naka ya yanka, nawa ya yanka. Ka zo da wuri."

Rana ba ta ƙarya. Asabar ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Maza huɗu suka ɗauko kujerar aski daga shago suka dasa ta a tsakiyar fili, ga baro an wanke shi an shimfiɗa bargo. Mutanen ƙauyukan kewaye sun zo, ɗan jarida ya zo da na'urar hoto, 'yan makaranta sun zo da ganga da ƙaho. Nora ta tsallako kogi daga gidan mijinta da jaririnta a hannu, ta tsaya a sahun gaba tare da ƙannenta biyu. Velma tana gefensu da jaka a hannu.

Emmet ya hau kujera kamar mai hawa gadon asibiti. Merton ya fara da almakashi. Gemu ya faɗo a dunƙule, aka yi shewa, mai shagon kayan gona ya auna shi da ma'auni ya sanar da tsawonsa. Sannan aka kawo ruwan zafi, Merton ya shafa kumfa, ya ɗauko askar nan. Da ya sunkuyo, Emmet ya lura hannun yana ɗan rawa.

"Kada ka motsa," in ji Merton a hankali, yadda su biyu kaɗai za su ji. "Hannun nan ya fara cin amanata. Da bazara zan rufe shago, ban gaya wa kowa ba." Ya ja askar sau ɗaya a kumatu. "Kuma in ka faɗa wa wani abin da zan gaya maka, sai na yanke maka kunne da gaske. Jaki na jefa wa."

Emmet ya zaro ido.

"To me zan yi? Shekara ashirin da takwas ina kallon aikin da na fara ban gama ba yana yawo a gari. In rufe shago in bar shi? Abin da ke ci mini rai ɗaya ne. Ban san wane ɗan taurin kan ne ya jefa waccan ɗayar ba. Duk wanda ne, ya fi mu duka mutunci."

"Wataƙila matsoraci ne kawai," in ji Emmet.

"Rufe baki, na zo wajen haɓa." Ya ja askar, ya dakata, ya sake lalubawa da yatsa. "Emmet... ina take?"

"Yi aikinka, Merton."

Merton ya gama, ya goge fuskar da tawul mai ɗumi, kuma sai da ya ɗan jinkirta kafin ya ɗauke tawul ɗin, Allah ya saka masa. Da ya ɗauke, mai ganga ya tsaya da duka. Ga fuska fara fat daga hanci zuwa ƙasa, rabin sama jajir saboda rana da iska, kuma a inda kowa ya sa ido zai ga haɓa ba komai sai hanya zuwa wuya. Emmet ya ji iska tana taɓa wurin da ya manta yana da shi. Ya ƙura wa takalmansa ido, ya kasa duban inda Velma take.

Tsohuwar nan mai sanda ce ta dubi Emmet, ta juya ta dubi Nora, da ƙannenta biyu, da jaririn, duk a jere kamar an buga su da hatimi ɗaya. Ta ce da ƙarfi, don kurma ce, "Af! Ashe ba gwaggon gefen tafki ba ce!"

Wayyo, dariya! Har limami sai da ya riƙe ciki. Ɗan jarida ya kasa riƙe na'urarsa daidai. 'Ya'yan ma dariya suke, ƙaramin yana nuna uban yana nuna kansa. Emmet ya ji shi ya koma ɗan shekara goma a filin makaranta, ya yi fatan ƙasa ta tsage.

Sai ya ga takalman Velma a gaban nasa. Ta buɗe jaka, ta fito da jan mayafin nan, ta naɗa masa a wuya sau biyu, amma ba ta ja shi sama ya rufe komai ba. Ta sa yatsa ta goge sauran kumfa a bayan kunnensa.

"Ɗago, Baban Nora."

Bai ɗago ba. "Velma, na yi miki ƙarya."

"Wace daga ciki? In ta haɓa ce, shekara ashirin da biyu ina wanke ta a fuskar 'ya'yanka safe da yamma. Kana tsammani ban san inda suka samo ta ba? Gwaggona da ka ɗora wa laifi, Allah ya ji ƙanta, haɓarta har ta yi yawa." Ta rage murya. "In kuma ta ranar Talata ce, na gaya maka ko a duhu na san ƙugiyar nan. Ni na buɗe takardar. Na kusa faɗowa daga kujera."

Ya ɗago a firgice. "Kin faɗa wa..."

"In faɗa wa wa? Mutum talatin da bakwai sun riga sun karɓe ta, su je su ƙarata. Ni abin da ya ba ni haushi, karon farko a rayuwata na jefa wa jaki, ubana yana juyi a kabari, na ce yau dai ni da mijina mun zaɓi abu ɗaya. Ashe ka tsallake ka bar ni."

"Ke ma? Don fansho?"

"Fanshon me? Shekara ashirin da uku in na faɗi abin dariya sai dai in ga gashi ya motsa, in yi ta zato. Ban taɓa ganin murmushinka ba, Emmet. Shi na jefa wa ƙuri'a."

Merton ya turo baro yana haki tun kafin a ɗora masa kaya, yana cewa a yi sauri bayansa ba na haya ba ne. Jama'a suna ta kiran sunan Emmet. Velma ba ta matsa ba. Ta kama ɗan abin da ya samu na haɓar da yatsu biyu, ta juyo da fuskar wajen haske.

"To, ina jira," ta ce. "Yi mini in gani."

Leɓen ya yi rawa tukuna, don idanun sun cika. Sannan ya yi mata murmushin.